KAMA DA WANE BA TA WANE: BATUN TAGULLAR DA A KE KWAIKWAYON KAYAN TARIHI DA ITA

Duk wanda ya shiga gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a shekarar 1959, kuma a yau ya ke ɗauke da sunan Boubou Hama, in ya gama zagaya ɗakunan kallo ya kan iske rumfunan masu aikin hannu: dukawa, da masaƙa, da masassaƙa, da maƙeran fari suna zuga wuta. A irin waɗannan rumfuna, da kuma wuraren sayar da kayan hannu na Wadata, da Agadas, da Damagaram, mai saye ba ya rasa mundaye irin na dā, da likkafu, da ƙararrawa, da mahayin doki na tagulla, wani lokaci har da kawunan da aka kwaikwayo daga na ƙasashen kudu. Sana'a ce mai daraja, tana ciyar da iyalai, tana kuma sa yaro ya ga abin da kakanninsa suka yi ado da shi. Amma akwai tambayoyi biyu da ba safai a ke yin su ba a bakin rumfa: da wane ƙarfe aka zuba abin nan, kuma ina shaidar da ta nuna cewa sabo ne?

Kwaikwayon kayan tarihi ba laifi ba ne, aiki ne da ya kamata a ƙarfafa. Sai dai yana da sharuɗɗa biyu da ba su rabuwa. Na farko, a yi shi da irin ƙarfen da aka yi na asali, bisa irin hanyar da aka bi wajen yin na asali. Na biyu, a sa masa tambarin da ba ya gogewa, wanda zai faɗa wa kowa cewa kwafi ne. In babu na farko, an ɓata tarihi. In babu na biyu, an buɗe ƙofar zamba.

TAGULLA BA IRI ƊAYA BA CE

A bakin jama'a, duk ƙarfen da ya yi ja ko rawaya sunansa tagulla. A tukunyar narki kuwa ba haka abin ya ke ba. Uwar su duka ita ce jan ƙarfe tsantsa, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1085. Yana da taushi a ƙarƙashin masaba, ana iya miƙa shi ya zama waya, ko a shimfiɗa shi ya zama faranti. Amma wajen zubi yana da gardama ƙwarai, domin in ya narke yana shan iska, kuma in ya huce sai a iske shi da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma.

In aka haɗa jan ƙarfe da kuza, misali kashi 10 cikin 100, sai a sami tagulla mai kuza, wadda a Faransanci a ke ce wa «bronze». Ta fi jan ƙarfe ƙarfi, ta fi shi saurin narkewa, ta kuma fi shi bin lungunan mazubi. In kuza ta kai kashi 20 ko ta ɗan haura, sai ƙarfen ya yi amo mai daɗi, shi ya sa da shi a ke zuba manyan ƙararrawa; amma a wannan matsayi ba ya jure dukan masaba, tsagewa ya ke yi. In kuma tutiya aka sa a maimakon kuza, sai a sami tagulla mai tutiya, rawaya mai ƙyalli, wadda Faransawa ke kira «laiton». Mai kashi 30 na tutiya ita ce ta fi daɗin shimfiɗawa da naɗewa, irin abin da mai ƙera tasa ko kakaki ya ke bukata. Sai dalma, wadda a kan ƙara kaɗan domin narkakken ƙarfe ya gudu sosai ya cika kowane zane. Amfaninta ke nan. Illarta kuwa ita ce ƙarfe mai dalma ya kan farfashe in aka buge shi da zafinsa, ita kanta kuma guba ce ga jikin mutum.

Ashe ke nan zaɓen ƙarfe ba batun launi kaɗai ba ne. Shi ke yanke nauyin abu, da amonsa, da ƙarfinsa, da irin tsufan da zai yi bayan shekara hamsin.

ABIN DA MAGABATA SUKA SANI

Masu ƙirar dā ba su da littattafan kimiyya, amma sun san wannan bambanci sarai, kuma ayyukansu ne shaida. A Igbo-Ukwu, kudu maso gabashin Najeriya, inda Thurstan Shaw ya yi haƙa a 1959 da 1960, ya sake komawa a 1964, an tono kayan da suka kai shekara dubu, na wajen ƙarni na 9 zuwa na 10. Da aka auna su sai aka ga abin mamaki: waɗanda aka zuba, tagulla ce mai kuza da dalma, waɗanda aka buga da masaba ko aka murɗa kuwa, jan ƙarfe ne kusan tsantsa. Watau kowane aiki da ƙarfensa. A Ife, ƙasar Yarabawa, inda aka tono kawuna masu ban sha'awa a 1938, wasu tagulla ce mai tutiya da dalma, wasu kuma jan ƙarfe ne kusan tsantsa, abin da maƙerin zamani ma ya ke jin tsoron zubawa. Kayan masarautar Bini ta Najeriya kuwa, waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897, ko da ya ke duniya ta saba kiran su «bronze», mafi yawansu tagulla ce mai tutiya. Wani bincike da Tobias Skowronek da abokan aikinsa suka fitar a 2023, bayan sun auna mundayen ciniki 67 da aka samo galibi daga jiragen ruwan da suka nutse, ya nuna cewa yawancin tagullar da maƙeran Bini suka narka ta fito ne daga yankin kogin Rhin na ƙasar Jamus. Ga yadda ƙarfe ke ba da labarin hanyar fatauci, ko da babu takarda.

Ƙasar Nijar ba ƴar kallo ba ce a wannan tarihi. A shekarar 1353 Ibn Battuta ya sauka Takadda, garin da masu bincike da yawa ke ganin shi ne kangon Azelik, a yankin In Gall. Ya ba da labarin yadda a ke haƙo jan ƙarfe a bayan gari, a narka shi a gidaje, a mai da shi sanduna masu kauri da sirara, a yi saye da sayarwa da su kamar kuɗi, a kuma kai su Gobir da Barno. A Marandet, kudu da Agadas, an iske dubban ƙananan tukwanen narki jibge a ƙasa, alamar cewa wurin maƙera ne babba. A El Meki, cikin duwatsun Abzin, an haƙo kuza tun zamanin mulkin mallaka. Ƙasar da ke da irin wannan gado ba ta da hujjar ɗaukar tagulla duk ɗaya.

ABIN DA KE SHIGA TUKUNYA A YAU

A yau maƙeri ba ya sayen sandar jan ƙarfe daga ayari. Kasuwar tsofaffin ƙarafa ya ke zuwa, irin ta Katako a Yamai, ya auno kilo kaza na abin da ya samu: kan famfo, da kwaɗon ƙofa, da mabuɗai, da kwanson harsashi, da wayar lantarki, da tarkacen mota. Kowanne da nasa haɗi. Wayar lantarki jan ƙarfe ce kusan tsantsa. Kwanson harsashi tutiyarsa kashi 30 ce. Kan famfo kuwa tutiyarsa ta kan kusa kashi 40, ga dalma kashi 2 ko 3. Wasu tarkacen injin suna ɗauke da sanholo. In aka zuba su duka a tukunya guda, ba wanda ya san abin da ya fito, har shi mai zubin.

Irin wannan haɗi ba ya ɓuya ga masana. Hanyar da mutanen dā ke bi wajen yin tagulla mai tutiya, watau dafa jan ƙarfe tare da dutsen tutiya da gawayi a rufaffiyar tukunya, da wuya ta ba da abin da ya wuce kashi 28, in an ƙware ƙwarai ya kai 33. Sai bayan da William Champion ya fara fitar da tutiya zalla a Bristol ta Ingila, bisa izinin da ya samu a 1738, sannan tagulla mai tutiya da yawa ta soma yaɗuwa a Turai. Sanholo kuwa bai zama ƙarfen kowa ba sai bayan 1886. Saboda haka munduwar da aka ce irin ta zamanin Takadda ce, alhali cikinta akwai kashi 40 na tutiya da ɓurɓushin sanholo, kamar hoton sarkin dā ne ɗaure da agogon hannu. Launinta ya yi fari da yawa, amonta dabam, kuma ɗan lakkwal da aka nuna masa ita ya koyi abin da ba haka ya ke ba.

Har ma a manyan maƙerun Turai da Amurka, inda a ke son wata tagulla ta zamani mai sinadarin silikon saboda sauƙin zubi da walda, masu kula da kayan tarihi sun san cewa sauƙi dabam, gaskiyar tarihi dabam. Abin da ba a san shi ba kafin ƙarni na 20 ba zai wakilci ƙarni na 14 ba.

HANYAR AIKI MA SHAIDA CE

Bayan ƙarfe sai hanya. Zubin kaki shi ne gadon Afirka ta Yamma. Maƙeri ya kan fara siffanta abin da kakin zuma, a bisa ƙullin yumɓu in abin mai rami ne, ya zana duk adon da ya ke so. Sa'an nan ya shafe shi da yumɓu mai laushi, ya ƙara wani mai kauri da aka cuɗa da kashin jaki ko ƙaiƙayi don kada ya tsage. In ya bushe sarai sai a gasa, kakin ya narke ya fita, ya bar gurbinsa. Maƙera da yawa su kan manna tukunyar narki a bakin mazubin, su lulluɓe su tare da yumɓu, su sa a wuta, in ƙarfe ya narke su juya su kife. Wannan dabara tana hana iska taɓa ƙarfen, tana kuma rage tutiyar da ke tserewa, domin tutiya tana tafasa tun a digiri 907, kafin jan ƙarfe ya narke. A ƙarshe dole a fasa mazubin, shi ya sa ba a samun zubin kaki guda biyu da suka yi daidai da juna.

Zubin rairayi, irin wanda masu tukwanen sanholo ke yi, ya fi sauri, ya fi araha, kuma da samfuri guda ana iya fitar da ɗari. Amma yana barin layi inda ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu, fatarsa kuma tana da kaushi, sai an bi ta da magagari har zanen ya mutu. Ga tukunyar tuwo ba laifi. Ga kwafin abin da aka yi da kaki, kuskure ne. Haka nan abin da asalinsa bugu ne, kamar tasa da kakaki, ba a zuba shi. Bugunsa a ke yi, in ya taurare a mai da shi wuta har ya yi ja kaɗan, a bar shi ya huce ko a tsoma shi a ruwa, ya sake laushi, a ci gaba. A nan jan ƙarfe ya saɓa wa ƙarfen takobi, wanda tsomawa a ruwa ke ƙara masa tauri.

Akwai kuma abin da ya wajaba a hana: manna yumɓu ko roba bisa abu na asali don a ɗauki siffarsa. Yin haka yana ɓamɓare launin tsufan da ya yi ɗaruruwan shekaru yana taruwa. Bugu da ƙari tagulla tana tsukewa in ta huce, wajen kashi 1 zuwa 2 cikin 100, saboda haka kwafin ya kan fito ƙarami. Awo da hoto sun isa ga gwanin maƙeri, ga kuma na'urorin zamani da ke ɗaukar siffar abu ba tare da sun taɓa shi ba.

DARASIN KAN OLOKUN

Mai tunani zai ce: in har kwafi ya yi daidai da na asali a ƙarfe da hanya, ashe ba an sauƙaƙa wa ɗan damfara aiki ba? Tambayar tana bisa hanya, kuma ita ce ta sa sharaɗi na biyu ya zama tilas. Labarin kan Olokun na Ife ya isa misali. A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya gan shi, ya nemi tafiya da shi, hukumar Ingilishi ta wancan lokaci ta sa ya mayar. A 1948 aka kai kan gidan tarihi na British Museum a Landan, inda Leon Underwood da William Fagg suka duba shi suka yanke cewa ba na asali ba ne, kwafi ne da aka yi da zubin rairayi. Fiye da shekara sittin ana kallonsa da wannan tabo, ana tambayar inda na gaskiya ya shiga. Sai da aka sake kai shi Landan a 2010, masana kimiyya suka auna shi da kayan aikin zamani, suka fitar da sakamako a 2013 cewa zubin kaki ne, kuma bisa dukkan alamu shi ne dai wanda Frobenius ya gani. In zargi kawai ya iya rage darajar abu na gaskiya har tsawon rayuwar mutum, ina ga ƙasar da kasuwarta ta cika da kwafi marasa tambari?

Abin takaici, wasu da gangan su ke ɓoye sabuntar kayansu. A jiƙa sabon zubi da ruwan batir ko ruwan gishiri, a binne shi a turken dabbobi wata biyu, a tono shi ya yi tsanwa, a ce wa baƙo daga kango aka samo shi. Wannan zamba ce, kuma tana cin kanta, domin gishirin da ya shiga jikin tagulla ba ya daina aiki: wani gari mai launin tsanwa ya kan dinga fitowa yana cin ƙarfen har ya huda shi. Mafi muni, kasuwar tsoho na ƙarya ita ce inuwar da kasuwar tsoho na sata ke fakewa a ciki. An ga abin da ya sami yankin Bura, wanda aka gano a 1975, Boubé Gado ya yi haƙa a cikinsa a 1983: masu tonon dare sun yi masa ɓarnar da ta sa a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari. Ma'aikacin duwan da ke bakin iyaka ko filin jirgi ba masanin tarihi ba ne. In kowane kwafi yana da tambari, to, duk abin da ya zo ba tambari sai a tsai da shi a bincika.

HUJJAR MAƘERI

Adalci ne a saurari maƙeri. Zai ce jan ƙarfe tsantsa da kuza suna da tsada, tarkace kuwa araha. Mai saye kuma ba ya tambaya, ciniki kawai ya ke yi. Zai ƙara da cewa maƙeran Bini ma mundaye suka narka, ba su haƙo kome ba. Duk gaskiya ne. Amma mundayen da suka narka haɗinsu kusan iri ɗaya ne, sun san halinsu. Tarkacen yau kuwa ba a san asalinsu ba. Kuma gyaran bai kai tsadar da a ke zato ba. Wayar lantarki da aka saya ta hanyar halal, ba wadda aka yanko daga turakun jama'a ba, jan ƙarfe ce mai kyau. Wanda ya ware tarkacensa iri iri, ya auna da sikeli kafin ya narka, ya riga ya yi rabin aikin: kilo 9 na waya da kilo 1 na kuza sun ba da tagulla mai kashi 10, kwanson harsashi da waya daidai wa daida sun ba da mai tutiya wajen kashi 15. Wanda kuma ya ga dama ya yi sabon ado da kowane irin ƙarfe, ba mai hana shi, muddin bai kira shi kwafin kayan tarihi ba.

Wuri ɗaya ne ya halatta a kauce wa haɗin magabata, shi ne wurin lafiya. Abin da za a ci abinci a ciki, ko a sa a baki, ko yaro ya yi wasa da shi, kada a sa masa dalma ko da na asalin yana da ita, a kuma rubuta cewa an cire ta. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da a ke niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400, ya isa gargaɗi. Shi ma maƙerin, farin hayaƙin da ke tashi daga tukunya tutiya ce, tana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. A yi narki a fili, a nisanta yara, kuma kada a zuba ƙarfe a mazubin da bai bushe ba, domin fashewa ya ke yi.

ABIN DA YA RAGE GA HUKUMA

Nijar ta amince da yarjejeniyar UNESCO ta 1970 bisa hana fataucin kayan tarihi tun a 1972, tana kuma da dokar kare kayan gado ta 1997. Abin da ya rage shi ne a sauko da su bakin maƙera. Ya kamata gidan tarihi na ƙasa, tare da cibiyar bincike ta IRSH da jami'ar Yamai, su auna kayan tagullar da ke hannunsu. Akwai na'urar hannu da ke faɗin haɗin fatar ƙarfe cikin ɗan lokaci ba tare da an yanke shi ba, irin wadda masu aikin ma'adinai ke amfani da ita. A rubuta sakamakon da Hausa, da Zabarmanci, da Tamashek, a cikin ƴan takardu masu sauƙi: abu kaza, ƙarfe kaza, hanya kaza. Ƙungiyoyin masu aikin hannu su haɗa kuɗi su sayi jan ƙarfe da kuza a dunƙule, su kuma amince da tambari guda, mai ɗauke da alamar maƙeri da shekarar zubi, wanda za a zana tun a jikin kaki, ya fito tare da ƙarfen, yadda ba a kankare shi sai an ɓata abin. Mai saye kuma, ɗan ƙasa ko baƙo, ya koyi juya kaya ya nemi tambari kafin ya nemi ragi.

Zamanin da a ke ciki zamani ne na komowar kayan Afirka gida. A 2022 Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar kayan Bini fiye da 1100, a 2025 kuma Holand ta mayar da 119. Duk inda na asali ya koma ma'ajiyarsa, bukatar kwafi nagari ƙaruwa ta ke yi, domin lakkwal, da gidajen al'adu na jihohi, da fadojin sarakuna. Maƙerin Damagaram ko na Agadas da ya san ƙarfensa, ya kuma sa sunansa a jikin aikinsa, shi ne zai ci wannan kasuwa, kuma bayan shekara ɗari aikin nasa ma zai zama kayan tarihi da sunan mai shi. Wanda ya binne nasa a turke kuwa ya sayar da sunansa tare da kayan, ramin ƙarya kuma ƙurarre ne.